Ƙashin ɗiyata zai yi ƙwari kuwa, tunda an hana ta alkama?

Wata uwa daga nan cikin garin Maraɗi ta aiko da wannan tambaya: "Likita, ɗiyata shekararta 9. Ta daɗe tana fama da zawo da kumburin ciki, ba ta girma kamar sa'o'inta. Bayan doguwar wahala an yi mata gwajin jini, an kuma ɗebo ɗan tsokar hanjinta aka duba, aka ce cutar siliyak ce, kada ta ƙara cin duk abin da aka yi da alkama. Kafin nan ta taɓa faɗuwa a tsakar gida, faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, amma ta karye a hannu. Da muka yi tafiya da ita aka auna ƙashinta da na'ura, takardar ta nuna -2.1, aka ce ƙashin ba ƙwari. Zai dawo daidai? Akwai allura ko ƙwayar da za ta gyara shi? Kakarta kuma cewa take da yunwa za mu kashe ta."

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ladan ɗawainiya. Bari in fara da abin da ya hana ki barci. Ƙashin ɗiyarki zai iya komawa daidai da na sa'o'inta, kuma shekarunta ne suka sa na faɗi haka ba tare da ɗar-ɗar ba. Da a ce mace ce mai shekara 40 aka gano wa cutar yau, da amsata ta bambanta, domin babba ƙashinsa yakan ƙaru bayan ya bar alkama, amma sau da yawa giɓin ba ya cikewa duka. Yaro kuwa ginin jikinsa bai ƙare ba. A 1998 wasu likitocin yara a birnin Milan na Italiya sun fitar da sakamakon wani bincike: sun auna ƙashin yara da matasa masu siliyak lokacin da aka gano cutar, suka same shi ƙasa da na lafiyayyu, bayan shekara ɗaya da 'yan watanni babu alkama suka sake aunawa, sai ga shi bambancin ya ɓace. Binciken da suka biyo baya sun fi karkata ga abu guda: yaron da aka gano da wuri, kafin balaga, kuma aka tsare masa abinci da gaske, shi ya fi farfaɗowa.

Sai dai ya kamata ki san yadda aka yi ciwon hanji ya taɓa ƙashi, don in kin gane wannan ba za ki ƙara neman allura ba. Kin sha wanke kayan cikin rago ranar Layya, kin san tumbi da tsiro-tsiron nan nasa mai kama da tawul. A cikin ƙaramin hanjin mutum ma akwai irin wannan tsiro, sai dai ƙanana ne ƙwarai, kuma su ne ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini. A jikin mai siliyak, duk sa'ad da wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir, wanda ake kira gulutin, ya iso hanji, sai garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba ta far masa, garin faɗan kuma ta share tsiron nan, hanjin ya koma sumul. Inda ɓarnar ta fi tsanani shi ne farkon hanji, kuma nan ne daidai inda jiki ya fi ɗaukar kalsiyam, wato sinadarin da ake gina ƙashi da shi, da kuma sinadarin ƙarfe na jini. Maiƙon abinci ma ba ya shiga jiki yadda ya kamata. Sai ya kama kalsiyam ya fice da shi ta bayan gida, bitamin D kuma, da yake cikin maiƙo yake tafiya, ya bi su.

To, jini ba ya yarda kalsiyam ɗinsa ya ragu, domin da shi zuciya ke bugawa, da shi jijiyoyi ke aiki. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana ajiye a ƙashi da haƙora, kamar hatsi a rumbu. Idan hanji bai kawo ba, wasu 'yan ƙulalai huɗu da ke cikin wuya sai su ba da umarni a buɗe rumbu a ɗebo. Yau a ɗiba, gobe a ɗiba, ba a zubawa, shekara da shekaru. Ga kuma kumburin hanjin kansa yana sakin wasu sinadarai cikin jini da ke zuga ƙwayoyin da aikinsu shi ne rushe tsohon ƙashi, su fi masu gina sabo sauri. Shi ya sa gwajin kalsiyam na jini yakan fito lafiya lau alhali ƙashi na ramewa. Kada wannan sakamakon ya ruɗe ki. Kuma shi ya sa in aka cika ta da ƙwayar kalsiyam tana ci gaba da cin burodi, zuba ruwa ne a rariya.

Lambar nan ta -2.1 kuwa, kada ta firgita ki fiye da kima. Na'urar, wadda ake kira deksa, tana kwatanta ƙashin yaro ne da na yara masu shekarunsa da jinsinsa. Sifili shi ne tsaka-tsaki. Daga -2 zuwa ƙasa muna cewa ƙashin ya gaza na sa'o'insa. Ɗiyarki tana bakin layin ne. Sannan na'urar tana da wani hali: yaro gajere ko ƙarami takan nuna ƙashinsa ya fi yadda yake rauni, saboda ƙashin nasa ƙarami ne, ba lallai don ya yi holoƙo ba. Yarinyar da cuta ta tauye wa tsawo, dole a yi la'akari da tsawonta kafin a fassara lambar. A wajen yara ma ba ma yanke hukuncin cutar ruɓewar ƙashi da lamba kaɗai, sai an haɗa da tarihin karaya: ko dai ƙashin baya ya lotsa, ko kuma yaro ya karye a dogayen ƙasusuwa sau 2 kafin shekara 10, ko sau 3 kafin 19. Karaya ɗaya a hannu ba ta kai nan ba. A ganina ba ki da dalilin sake kwasar kuɗin mota da na awo kafin shekara ta zagayo, kuma ga sauran iyaye da ba su da halin kai yaransu inda na'urar take, ku kwantar da hankalinku: ƙungiyar likitocin hanjin yara ta Turai ma ba ta ce a riƙa auna kowane yaro mai siliyak da ita ba. Igiyar awon tsawo da sikeli suna gaya mana abu mai yawa.

Abin da nake so ki riƙe shi ne lokaci. 'Yan mata sun fi tara ƙashi a wajen shekara 12 zuwa 13, maza kuma wajen 14. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙashin da mutum zai rayu da shi ana zuba shi ne cikin shekara biyu kacal na wannan ganiya, kuma kafin a kai 18 an tara kusan kashi 90 cikin 100. Ɗiyarki tana da shekara 3 a gabanta kafin wannan lokacin girbi ya zo. In hanjinta ya warke kafin nan, za ta cika rumbunta tare da sa'o'inta. In kuwa aka yi ta ɗan ci ɗan bari, cutar takan jinkirta balagar kanta, ta kuma rage abin da za a tara. Wannan ajiyar ce za ta ɗauki ciki da ita, ta yi shayarwa da ita, ta tsufa da ita, don haka ko maganar aure in ta taso nan gaba, ina roƙo a bar jikinta ya gama gininsa tukuna.

Yanzu ga inda aikin yake. Kowa ya san burodi da taliya da makaroni da biskit da cincin alkama ne. Fanke, fankaso, gurasa, alkaki, dubulan, kuskus na leda, tuwon semo, taliyar yara ta leda, duk layi ɗaya ne. Waɗannan ba su cika ba iyaye wahala ba, domin a fili suke. Wadda ke mayar mana da aiki baya ita ce fulawar da ba a gani. Mai ɗanwake takan ƙara fulawa don ya yi danƙo. Mai waina takan zuba 'yar kaɗan a ƙullu don ta yi laushi. Mai ƙosai tana iya soya fanke a man nan ɗaya kafin ta saka ƙosan. Lemon malt na kwalba da sha'ir ake yin sa. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya da wasu ƙwayoyin magani suna da garin alkama a ciki. Kifi ko kazar da aka turbuɗa a fulawa kafin suya, su ma haka. Sai kuma injin niƙa na unguwa, wanda ya fi kowanne damuna: gab da Salla ko lokacin biki, matan unguwa na kai alkama niƙa don alkaki da fankaso, ke kuma ki kawo geronki a zuba a bayansu. In da hali a daka mata nata a turmin gida, ko a nemi injin da ba ya niƙa alkama, ko kuma a ƙalla a fara niƙa wani awo a ware shi don sauran 'yan gida, nata ya biyo baya. Ki ware mata rariyarta da kaskon suyarta. Kayan gwangwani da na leda kuma a karanta jikinsu: in da Faransanci aka rubuta, ki nemi blé, orge, seigle, malt ko gluten, in daga Najeriya suka shigo, wheat, barley da malt.

Za ki ji ana cewa "ɗan kaɗan ba ya komai". Yana komai. An gwada a jikin manya masu cutar, aka ga miligiram 50 na gulutin a kullum tsawon wata 3 ya isa ya taɓa tsiron hanji, kuma wannan bai kai abin da ke cikin giram 1 na burodi ba, wato ɓarɓashin da ke zuba a faranti. Abin da ya fi haɗari shi ne yaro na iya ci bai yi zawo ba, cikinsa bai murɗa ba, kowa ya ce ai ya warke, alhali hanjin na ci gaba da lalacewa a ɓoye, ƙashi kuma na biyan bashin. Na taɓa bin wani yaro wata da watanni, uwarsa na rantsuwa ko ƙwayar alkama ba ta shiga gidanta, amma gwajin jininsa ya ƙi sauka, tsawonsa ya ƙi motsi. Sai da muka zauna muka bi ranarsa tun daga asuba, muka tarar ɗanwaken da yake saye a ƙofar makaranta ne. Ba laifin uwar ba ne, babu wanda ya taɓa gaya mata. Don haka ki sanar da malamanta, da mai sayar da abincin da take zuwa wurinta, da gidajen dangi da take yini. Ki riƙa ƙulla mata abin tafiya makaranta daga gida, gyaɗa, dabino, aya, dafaffen ƙwai, wainar da kika soya da hannunki, don kada ta tsaya tana kallon bakin ƙawayenta. Ranar Salla a tanadar mata nakiya da alewar madara da kantun riɗi kafin a fito da cincin. Yarinya 'yar shekara 9 tana da hankalin da za a zaunar da ita a yi mata bayani, kuma yaran da aka yi wa bayani sun fi waɗanda aka yi wa tsawa kiyayewa. Hanin na har abada ne. Cutar ba ta warkewa da girma, lafawa take yi muddin babu alkama.

Maganar Kaka kuwa, a gaya mata cikin ladabi cewa abincin da ita ta tashi da shi ne maganin jikarta. Gero, dawa, masara, shinkafa, wake, rogo, dankali, doya, gyaɗa, nama, kifi, ƙwai, nono, babu gulutin a ko ɗaya. Tuwo da miyar kuka, fura, kunu, koko, dambu, shinkafa da wake, duk nata ne. A Turai iyaye kuɗi masu yawa suke kashewa wajen sayen burodi na musamman, mu kuwa abin yana cikin rumbunmu. Asalin gano maganin ma daga rashin burodi ya fito: wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama, sai yunwar ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a 1944 zuwa 1945, ta sa burodi ya yanke, yaran da ke fama da cutar suka samu sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo. Kuma kada wani ya ce miki ciwon Turawa ne. A duniya kusan mutum 1 cikin 100 na da shi, sannan ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a Afirka ne, a tsakanin yaran Saharawi, 'yan asalin Yammacin Sahara, inda binciken 1999 ya samu kashi 5.6 cikin 100, mutanen da fulawa ta zame musu abincin yau da kullum. Mu ma a nan, shayi da burodi da taliya sun shiga karin kumallon gidajen da a da fura da kunu suka sani.

Amma akwai inda nake rabuwa da shawarar da aka saba bayarwa a ƙasashen waje, domin su suna ɗauka yaro yana shan madara kullum. Cire alkama yana buɗe ƙofar hanji ne kawai, dole kuma a samu abin da zai shiga. Tuwon gero da na dawa kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, dusar hatsin ma tana da wani sinadari da ke riƙe ɗan abin da ke akwai; jiƙa hatsi da barin ƙullu ya yi tsami na rage wannan. A Jos an yi bincike kan yara masu lanƙwasar ƙafa, wanda sakamakonsa ya fito a 1999, aka tarar kalsiyam ɗin da suke samu a rana bai wuce miligiram 200 da 'yan kai ba. Da aka raba su, waɗanda aka ba kalsiyam kusan 6 cikin 10 suka warke cikin mako 24, waɗanda aka yi wa allurar bitamin D kaɗai kuwa kusan 2 cikin 10. Abincin yaranmu bai yi nisa da na waɗancan ba. Ƙasa da miligiram 300 a rana haɗari ne ga ƙashin kowane yaro, sama da 500 yana kare shi daga lanƙwasa, ma'aunin da hukumomin lafiya na Amurka suka sa wa mai shekara 9 zuwa 18 kuwa 1,300 ne. Ɗiyarki da ke biyan bashin baya, a matsa sama iya ƙarfi.

Kofi ɗaya na nono ko madara, kwatan lita, yana ba da kusan miligiram 300, muddin ba a tsinka shi da ruwa ba. Ki samu mai nono guda da kika amince da ita, kuma a tabbata an dafa madarar kafin a kwantar da ita. Kofi biyu a rana, ɗaya a fura ɗaya a kunu, kin riga kin yi nisa. Cuku ma yana da kyau. A watannin farko madara na iya sa ta kumburin ciki ko zawo, saboda sinadarin da ke narkar da sukarin madara a kan tsiron nan yake zaune. Wannan na ɗan lokaci ne, kada ki yanke mata gaba ɗaya: ki fara da nono mai tsami ko kindirmo, kaɗan-kaɗan, ki riƙa ƙarawa. Bayan nono sai ganye. Giram 10 na garin kuka ko na busasshen zogale yana ɗauke da fiye da miligiram 100, kuma zogale ba ya yanke mana a nan, lambunan Jiratawa da na bakin Gulbi na kawo shi. A yi mata kwaɗonsa da ƙuli, a sa shi a dambu. Riɗi da ɓawonsa yana da yawa. Ƙananan busassun kifi, a daka su da ƙayarsu a zuba a miya, domin a ƙayar amfanin yake. Alayyafo yana da kalsiyam amma jiki ba ya iya cire mafi yawansa, kada a dogara da shi.

In abinci ya gaza, likitanta zai iya ƙara mata ƙwayar kalsiyam, a sha tare da abinci, kuma a raba ta da ƙwayar ƙarin jini da kamar awa 2, don suna rige-rigen ƙofa ɗaya. Bitamin D kuma buƙatarta ma'auni 600 ne a rana, ma'aunin da ake rubutawa IU a jikin magani. Rana ba ta yi mana ƙaranci a Maraɗi, amma yarinyar da ke fita a lulluɓe daga gida zuwa boko zuwa islamiyya, ta dawo ta kwanta a ɗaki don kasala, tana iya rasa shi a tsakiyar wannan ranar tamu. Tsakar gida ta wadatar: ta yi wasa da hantsi hannuwa da ƙafafu a buɗe. In an auna aka ga ya yi ƙasa, a bar likita ya ƙayyade abin da za ta sha, don yawansa ma illa ne. Magungunan ƙarfafa ƙashi da ake ba tsofaffi ba nata ba ne, kada kowa ya saya mata su a kanti.

Kuma don Allah kada tsoron karaya ya sa ki zaunar da ita. Ƙashi da nauyi da tsalle yake ƙwari. Tunda hannun ya ɗoru, a bar ta ta yi gudu, ta yi tsallen igiya, ta yi 'yar gala-gala, ta shiga gaɗa. Hawan katanga da bishiya ne kawai za a dakatar na wannan shekara.

Yadda za ki san ana kan hanya: cikin makonni cin abincinta zai buɗe, fushin nan da yawan kuka su ragu, nauyi ya fara hawa, tsawo ya biyo baya cikin watanni. Ki sa ta jingina da bango ba takalmi, ki ja layi ki rubuta kwanan wata, ki maimaita duk wata 3. Gwajin jinin nan da aka gano cutar da shi a sake shi bayan wata 3 zuwa 6, sannan lokaci-lokaci. Yana sauka a hankali, wani yaron sai ya haura shekara kafin ya daidaita, abin da muke so shi ne ya riƙa sauka. In ta fara kukan ciwon baya, ko ta sake karyewa, ko ƙafafunta suka fara baka ko gwame, ko yatsunta suka riƙa ƙagewa, kada a tsaya wurin maɗori kaɗai, a kawo ta a ɗauki hoto a auna jini.

Sauran 'ya'yanki, da ke da mahaifinsu, ya kamata a gwada ku, domin kusan 1 cikin 10 na dangi na kusa yakan kasance da cutar, wani ba tare da ko zawo ba, sai gajarta ko ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani. Amma kada ki cire musu burodi kafin a ɗebi jinin, in aka cire gwajin na iya fitowa lafiya alhali cutar na nan. Wannan gargaɗin ya shafi duk uwar da ɗanta ke yawan komawa layin masu tamowa, ya murmure in ana ba shi madara da abincin gyaɗar nan na asibiti da babu alkama a ciki, ya koma gida ya sake zubewa: ta tambayi likita ko za a duba siliyak, kada ta yanke wa kanta hukunci.

Ranar da za ki kawo ta, ki zo da takardar awon ƙashin da ta gwajin jini, da jerin duk abin da ta ci cikin kwana 3, har da abin da aka ba ta a maƙwabta. Ki zo da Kaka ma in za ta yarda, tunda ita ke dama furar gidan, ina so in yi mata bayani da bakina.